SHIN FUSHI YANA RAGE LAIFI? WAIWAYE KAN SHARI'AR TSOFO GUBBA TA 1947

 

Bayan karatun Asabar ɗin da ta wuce wani dattijo ya tsare ni a bakin masallaci, ya ce: "Malam, mutum ya dawo gida ya tarar da ƙato a ɗakin matarsa, zuciya ta ɗebe shi ya kashe shi. Shi ma kashe shi za a yi?" Na ce masa: "Baba, a zahirin hukunci, in bai kawo shaidu huɗu ba, kuma waliyyan mamacin suka nemi ƙisasi, e, haka ne." Ya girgiza kai ya ce to ashe dokar Bature ta fi tausayi ke nan.

Ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Abin da ya faɗa shi ne ainihin rigimar da ta tashi a ƙasar nan kusan shekara tamanin da suka wuce, rigimar da ta yi ta ruruwa har ta kai ga an naɗe tabarmar hukunta laifuffuka da fiƙihun Malikiyya a kotunan Arewa gaba ɗaya. Yawancin ɗalibanmu sun san 1999 da Zamfara, amma ka tambaye su yadda aka yi shari'ar ta tafi tun farko, sai a ce "Turawa ne suka hana". Maganar ta fi haka tsawo, kuma a tsakiyarta akwai wani talaka mai suna Tsofo Gubba.

Da Turawa suka ci ƙasar Hausa ba su rufe kotunan alƙalai ba. Gwamna Lugga ya bar alƙali a kan buzunsa, ya bar majalisar sarki tana shari'ar kisa, sai dai ya hana yanke hannu da jifa da duk horon da shi ya ga ya saɓa wa abin da suke kira adalci da jinƙai, kuma ba a zartar da kisa sai gwamna ya sa hannu. A gefe guda kuma ya kafa nasa kundin laifuffuka a 1904, wanda aka kwafo daga na jihar Kwinsland ta Ostareliya, aka faɗaɗa shi ga Najeriya duka a 1916. To kun ga doka biyu ke nan a ƙasa ɗaya: kotun Bature da kundinta, kotun En'e da Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Da farko kundin ya fito fili ya keɓe kotunan gargajiya daga hukuncinsa. A 1933 aka yi gyara aka cire 'yan kalmomin da suka yi wannan keɓewar. Ba a damu ba a lokacin, alƙalai suka ci gaba da aikinsu yadda suka saba, har shekara goma sha huɗu.

Sannan aka kawo Tsofo Gubba gaban majalisar Sarkin Gwandu. Ya kashe wani mutum a kan matarsa. Majalisa ta duba ta ga kisan ganganci ne, ta yanke masa hukuncin kisa. A mazhabar Malik kisa iri biyu ne kawai, ganganci ko kuskure. Matsakaicin nan da sauran mazhabobi ke kira mai kama da ganganci, Malikiyya ba su yarda da shi ba sai a mas'alar uba da ɗansa. Wanda ya ɗauki makami ya sari mutum da nufin ta'adi, ganganci ya yi, ko yana dariya ko yana huci. Ƙara ta tafi har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, ita kuma a 1947 ta rushe hukuncin. Hujjarta: a kundin Bature wanda aka harzuƙa shi farat ɗaya ya yi kisa kafin zuciyarsa ta huce, laifinsa ya sauka daga kisan da ake rataye mutum a kansa zuwa wanda ake ɗauri, kuma tun gyaran 1933 duk laifin da kundin ya ambata dole kotun En'e ma ta bi kundin.

Sarakuna da alƙalai suka ce ba su san zance ba. Kuma da gaskiyarsu, domin in aka bi wannan fassarar, sata da fashi da kisa da rauni duk suna cikin kundin, me ya rage wa alƙali ke nan ban da aure da gado? Gwamnati ta yi faci a 1948, ta sake wani a 1951, kotuna suka yi ta saɓa wa juna. A 1957, a shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce alƙali ya yi shari'a da fiƙihunsa, amma kada horon ya wuce iyakar abin da kundin Bature ya tanada wa irin wannan aikin. Wato ka hau dokinka, linzami yana hannun wani.

Mu bar tarihi a nan tukuna mu koma ga tambayar dattijo, don ita ce ta dame ni. Wa ya fi gaskiya tsakanin majalisar Gwandu da alƙalan ɗaukaka ƙara? Shin fushi uzuri ne?

Abu na farko, kada wani ya zaci shari'a ba ta san zafin da ke cikin wannan lamari ba. An yi wa Manzon Allah (SAW) wannan tambayar baki da baki. Sa'adu ɗan Ubada (RA), shugaban Khazraj, ya tambaya ko in ya sami wani da iyalinsa zai ƙyale shi ne har ya je ya nemo shaidu huɗu. Aka ce masa e. Sa'adu ya rantse cewa shi kam takobi zai riga kaiwa. Annabi (SAW) bai zage shi ba, ya ma shaida wa sahabbai cewa Sa'adu mai kishi ne, shi ya fi Sa'adu kishi, Allah kuma ya fi shi. Amma hukuncin bai motsa ba. Uwaimir al-Ajlani (RA) ya zo da irin wannan kukan: in ya kashe a kashe shi, in ya yi magana ba shaidu a yi masa bulalar ƙazafi, in ya yi shiru ya haɗiye wuta. A kan irin wannan ƙuncin ne ayoyin li'ani suka sauka a Suratun Nur, daga aya ta 6 zuwa ta 9: miji ya yi rantsuwa huɗu da ta biyar ta tsinuwa, mace ta yi huɗu da ta biyar ta fushin Allah, a raba su har abada, a jingina ɗa ga uwarsa. An buɗe wa mijin ƙofar fita, ba a miƙa masa wuƙa ba.

Kuma a cikin Muwaɗɗa, littafin da alƙalan Gwandu suka tashi da shi, akwai labarin wani mutumin Sham da ya aikata daidai abin da Tsofo ya aikata. Hukuncin ya shige wa Mu'awiya (RA) duhu, har ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari (RA) ya tambayar masa Aliyu (RA), duk da abin da ke tsakaninsu a lokacin. Aliyu ya ce in bai kawo shaidu huɗu ba a miƙa shi ga waliyyan jini. Ashe majalisar Gwandu ba ƙirƙira ta yi ba. Akwai wata ruwaya daga Umar (RA) da ya ƙyale wani mai irin wannan kisan, amma malamai sun yi bayanin cewa a can dangin mamacin ne da kansu suka gaskata abin da ya faru, ba maganar mai kisan kaɗai aka ɗauka ba.

Nan ne fa gizo ke saƙar. Wa ya ga abin da ya faru a ɗakin? Mutum uku ne. Ɗaya yana kabari. Ɗaya mace ce da ake tuhuma, wadda tsoro ya cika. Saura mai kisan, kuma shi ne zai amfana da labarin. In aka ce duk wanda ya ce "na same shi da matata" a sassauta masa, to wanda ake bi bashi ya sami hanya, mai rigimar gona da maƙwabci ya sami hanya: ka gayyato shi gida, ka gama da shi, ka ja gawar zuwa ƙofar ɗaki. Ka kashe mutum, ka kashe sunansa, ka ɓata matarka da 'ya'yanta a gari, duk da kalma ɗaya da babu mai iya ƙaryatawa. Shari'ar da ta sa bulala 80 a kan wanda ya jefi mace da zina da baki kawai, ta yaya za ta karɓi jifan da aka yi da adda?

To a ce gaskiya ya faɗa. A ce ya gani da idonsa. Har yanzu ina da tambaya a kan fushin kansa.

Mu Hausawa muna cewa "zuciya ta ɗebe shi", kamar zuciyar wata baƙuwa ce da ta shigo ta ɗauke shi yana zaune. Ni ban yarda fushi daga sama yake faɗowa ba. Kiwonsa ake yi. Mutumin da ya shekara ashirin yana faɗa a majalisa cewa wallahi duk ranar da ya kama wani sai ya yanka shi, abokai suna cewa namiji ke nan, ranar da abin ya faru ba sabon hukunci ya yanke ba, tsohon da ya ajiye ne ya zartar. Kuma ku lura da wanda dokar harzuƙa take saka wa. Mutum biyu sun ga abu ɗaya. Na farko mai saurin hannu ne, nan take ya sara: ɗauri. Na biyu ya yi ta maza, ya fita, ya zaga gari yana kokawa da ransa har la'asar, shaiɗan ya rinjaye shi ya dawo ya sara: rataya, don an ce ya sami lokacin hucewa. Wanda ya gwada haƙuri ya kasa ya fi shan wuya a kan wanda bai gwada ba sam. Wannan wane irin ma'auni ne?

Akwai kuma raini a ɓoye cikin wannan tausayin. Dokar Ingila ta wancan lokaci tana auna harzuƙa da abin da mutum mai hankali zai yi. Da aka kawo ta nan sai tambaya ta taso: mai hankali irin na ina? A wata shari'a ta 1944 a kudancin ƙasar nan wani alƙali Bature ya sassauta wa wanda ya kashe matarsa, bisa hujjar cewa shi baƙauye ne da bai yi karatu ba, irinsu kuwa zuciyarsu ta fi saurin tashi a kan ta wayayyu. An tsirar da wuyansa, amma da me? Da cewa bai cika mutum ba. Majalisar Gwandu, duk da tsananin hukuncinta, ta ɗauki Tsofo a matsayin baligi mai hankali, mukallafi, wanda ake tambaya a kan abin da hannunsa ya yi.

Wani ɗalibi zai ce: Malam, ai shari'a ta san fushi yana taɓa hankali, ba ga shi an hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi ba? Ba ga maganar saki cikin fushi ba? Haka ne. Ibnul Ƙayyim ya kasa fushi gida uku a babin saki: na farko-farko da mutum ya san abin da yake faɗa, sakin ya auku, na ƙarshe da hankali ya gushe, bai auku ba, na tsakiya kuma a nan malamai suka saɓa. Malikiyya sun fi tsanantawa, a wurinsu ya auku sai in mutum ya zama kamar mahaukaci. Amma a lura, hana alƙali hukunci cikin fushi hujja ce a kan mai kisan, ba a gare shi ba. In an hana wanda ya yi karatu, yana da shaidu a gabansa, ya yanke hukuncin ɗan akuya yana fushi, ina ga wanda ya naɗa kansa mai ƙara da shaida da alƙali da hauni a cikin minti ɗaya? Shi kuwa saki magana ce a cikin abin da yake haƙƙin mai maganar. Jini haƙƙin wani ne. Ko mahaukaci tuburan ya yi kisa, ba a yi masa ƙisasi, amma jinin ba ya tafiya a banza, diyya tana kan danginsa.

Duk da haka ba zan ce Baturen bai hango komai ba, don in na faɗi haka na yi son kai. Kowa ya san akwai bambanci tsakanin wanda ya kwana bakwai yana wasa wuƙa don ya ƙwace babur ɗin wani, da wanda ya shigo gidansa da ledar cefane ya ga abin da ya gani. Zuciyar kowane mai adalci tana jin wannan bambancin, dattijon nan ma shi ya ji. Tambayar ita ce a ina za a ajiye shi.

Ingila ta ajiye shi a cikin sunan laifin, kuma dole ce ta sa. A 1947 duk wanda aka samu da kisan kai a dokarsu rataya ce kawai, alƙali ba shi da zaɓi, dangin mamaci ba su da ta cewa, don ƙarar ta gwamnati ce. In ana son a tsirar da mutum a kotu, sai an canza wa laifin suna. Fiƙihunmu bai shiga wannan matsin ba. Ya bar laifin da sunansa, ganganci, sannan ya raba abin da zai biyo baya. Kisan gila, wanda aka yaudari mutum aka kashe shi a ɓoye don dukiyarsa ko makamancin haka, a Malikiyya babu afuwa a cikinsa, ko waliyyai sun yafe hukuma za ta kashe. Wanda ba gila ba kuwa an miƙa shi hannun waliyyan jini, aka kwaɗaitar da su yafiya a ayar ƙisasin kanta, ta 178 a Baƙara, inda aka kira su 'yan uwan juna da mai kisan. In ɗaya daga cikin 'ya'yan mamacin maza ya yafe, kisa ya faɗi, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Wanda aka yafe wa kuma ba ya tafiya haka nan: bulala 100 da ɗaurin shekara guda. A nan ne ake sauraron labarin fushin. Dattawan gari su je wa uban mamaci su ce: kai ma ka san abin da ɗanka ya je yi gidan mutane, ka rufa wa kanka asiri ka yafe. Sau da yawa dangin da suka san gaskiya ba sa ma son maganar ta yi nisa.

Abin dariya, Turawan da suka ce shari'a ta yi tsanani a kan Tsofo su ne kuma suke ƙorafin ta yi sako-sako, don mutumin da dokarsu za ta rataye yana iya fita da bulala da shekara ɗaya in an yafe masa.

Inda maganar take da nauyi a wuyana shi ne nan: mutum biyu, laifi ɗaya, wannan ya dace da waliyyai masu sauƙin kai ya rayu, wancan ya haɗu da masu riƙo ya mutu. Mai dukiya yana da abin lallashi, talaka sai hawaye. Wannan gaskiya ne, kuma ba na son mu riƙa tsallake shi kamar ba mu gani ba. Abin da zan iya cewa shi ne, afuwa kyauta ce, ba a bin mutum bashin kyauta. Wanda aka kashe da ƙisasi ba a zalunce shi ba don an yafe wa wani. Kuma in dole sai wani ya riƙe ikon yafe jini, ni na fi natsuwa ya kasance a hannun wanda zai ci gaba da ganin marayun kullum, a kan alƙalin da zai rufe fayil ya tafi cin abincin rana. Mai yafe abin da ba nasa ba, yafiyarsa ba ta kashe wutar gaba. Dangin da aka sassauta wa makashin ɗansu ba da yawunsu ba su ne suke jiran ranar fitowarsa daga kurkuku. Amma batun talaka da mai kuɗi yana nan, kuma aikin hukuma da masu hali ne su tsaya wa wanda aka yarda a karɓi diyya daga gare shi ya rasa.

Yadda rigimar ta ƙare kuwa, siyasa ce ta ƙarasa ta. Ana shirin mulkin kai, 'yan tsirarun ƙabilu sun kai kuka gaban kwamitin Wilink cewa suna tsoron kotunan alƙalai, musamman a kan shaidar wanda ba Musulmi ba da kuma jininsa. Gwamnatin Sardauna ta tura wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda suke yi, sannan a 1958 ta kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Andason na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Alƙalin Bida Malam Musa. Suka ba da shawarar kundi ɗaya ga kowa. Shi ne Fenal Kod, wanda aka ɗauko daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860. Ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, kwana ɗaya kafin 'yancin kai. Uzurin harzuƙa ya shiga cikinsa a sashe na 222. Abin da aka bar wa waliyyan jini ɗan kaɗan ne: kotun En'e ta tambaye su ko suna son a zartar da kisa, ta rubuta amsarsu, masu duba afuwar gwamnati su karanta in sun zo nazari. Mai haƙƙi ya koma mai ba da shawara. Haka aka zauna shekara arba'in, har jihohi suka fara dawo da ƙisasi da diyya daga shekarar 2000.

Ita kuma Ingila da ta kawo mana uzurin, ta daina rataya a kan kisan kai tun 1965. A 2009 majalisarta ta soke tsohuwar dokar harzuƙar ɗungurungum, bayan an daɗe ana kukan cewa ta zama mafakar mazan da ke kashe matansu, aka maye ta da wata mai tsauraran sharuɗɗa. A cikin sabuwar an rubuta ƙarara cewa cin amanar aure, shi kaɗai, ba ya cikin abubuwan da za a karɓa a matsayin dalilin ɓacewar hankali. Wato da Tsofo Gubba zai tsaya gaban kotun Landan yau da wannan hujjar kaɗai, kisan kai cikakke za a kira abin da ya yi, sunan da majalisar Gwandu ta ba shi tun farko. Sashe na 222 kuwa yana nan a Fenal Kod ɗinmu, lauyoyi suna kafa hujja da shi har gobe.

Na ba dattijon nan labarin a taƙaice da muka sake haɗuwa. Ya yi shiru, can ya ce shi dai har yanzu yana tausayin Tsofo. Na ce ni ma haka, Baba.

A rubutu na gaba in sha Allahu za mu duba ƙasama, rantsuwa hamsin ɗin da waliyyan jini ke yi, wadda ita ma alƙalan Turawa suka daɗe suna kai ruwa rana da alƙalanmu a kanta. Wallahu a'alam.